Rabin Kan Sarki a Tsohuwar Ambulan: Yadda Ake Tantance Na Gaske

Duk mai almakashi yana iya raba kan sarki gida biyu, yaro ma zai iya. Nan matsalar take ga wanda aka miƙo wa tsohuwar wasiƙa ta ƙarni na 19 da rabin kan sarki manne a kusurwarta, aka ce masa kayan tsada ne. Mai yiwuwa gaskiya aka faɗa masa, don akwai irinsu da ake rububinsu a gwanjon Landan da New York. Mai yiwuwa kuma wani ne ya zauna a ɗakinsa da reza da gam, ya haɗa abin da dare ɗaya. Shi rabin kan sarkin ba ya iya ba da shaida a kan kansa. Ambulan ɗin da yake manne a kai ita ce ke magana, da hatiman da aka buga mata, da kwanan wata, da kuɗin aikawa na wancan zamanin. Aikin mai tantancewa shi ne ya saurari waɗannan shaidu ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Turawa masu tara kan sarki suna kiran wannan abu bisect. Ka riƙe kalmar, don da ita za ka nema a katalog, wato littafin jerin kan sarki da farashinsu, ko a intanet.

Abin da ya kawo yankan tun farko

Kan sarki na farko ya fito a Ingila a 1840, sauran ƙasashe suka bi sahu. To amma yawancin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka da garuruwa masu nisa ba su da maɗaba'ar buga shi. Sai an yi oda daga Landan ko daga babban birni, a jira jirgin ruwa wata da watanni. Idan na kwabo ya ƙare, ga na kwabo biyu jibge a durowa, ga mutane sun yi layi da wasiƙu, shugaban gidan waya sai ya ɗauko almakashi. Wani lokaci kuma ba ƙarewa ya yi ba, gwamnati ce ta sauya kuɗin aikawa zuwa wani adadin da babu kan sarkinsa.

Mu Hausawa muna da sa'a a nan, domin tsohon kuɗin Ingila yana da sunaye a bakinmu tun kafin naira ta zo a 1973. Rabin kwabo shi ne ɗari, kwabo ɗaya da rabi ahu, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo 12 sule. Wanda ya san waɗannan ya riga ya yi rabin lissafin da za mu yi a ƙasa.

A Jamaika, sanarwar gidan waya ta Nuwamban 1861 ta yarda a yanka na kwabo daga kusurwa zuwa kusurwa don biyan ɗari a kan jarida, aka ci gaba da haka har 1872. A tsibiran Falkland, kuɗin wasiƙa zuwa Ingila ya koma kwabo biyu da ɗari a farkon 1891, babu kan sarkin ɗari, sai aka riƙa raba na kwabo. A Masar an raba na fiyasta 2 a Alƙahira da Iskandariya a 1867. A Gold Coast, wato Ghana ta yau, an yi ta rabawa a shekarun 1880. Meziko kuwa ta fi kowa wuce gona da iri: kan sarkinta na riyal 8 har kashi huɗu da kashi takwas aka riƙa yi masa, kamar ana rabon naman watanda.

Hukumomin gidan waya ba su taɓa son wannan al'ada ba, kuma suna da hujja. Idan an yarda da rabi, mai wayo zai ɗauki kan sarkin da aka riga aka yi amfani da shi, ya yanke gefen da hatimi bai taɓa ba, ya sake aika wasiƙa da shi kyauta. Saboda haka izinin yakan zo ne na ɗan lokaci, a gari ɗaya ko yanki ɗaya, sannan a janye. Wannan ƙuncin lokaci da wuri shi ya sa na gasken suka yi wuya, shi ne kuma babban makamin mai tantancewa.

Mataki na farko: ka bar shi yadda ka same shi

Kada ka ɓamɓare shi, kada ka jiƙa shi da ruwa, kada ka yanke kusurwar ambulan don ta shiga littafin ajiyarka. Ina yaro na jiƙa wasiƙun da ke cikin akwatin mahaifinmu a kwanon sha, na cire kan sarkin na shanya a kan tabarma ina murna. Allah ya taimaka babu mai daraja a ciki, amma da akwai, da a ranar na mayar da shi takarda. Rabin kan sarkin da ya bar ambulan ɗinsa ba shi da bambanci da wanda aka yanka jiya, kuma manyan katalog ba sa ba shi farashi sai yana kan wasiƙarsa.

Ka wanke hannu ka shanya, ka shimfiɗa farar takarda a tebur. Ka tanadi gilashin ƙara girma mai ninki 10, da hantsaki mai faffaɗan baki marar kaifi, da rula, da tocila, da irin fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke gwada takardun kuɗi da ita. Kafin komai ka ɗauki hoton gaba da baya, ka kuma matso da kyamara kan bakin yankan.

Mataki na biyu: wane kan sarki ne, daga wane gari

Ka gane ƙasar, da shekarar fitowa, da kuɗin da ke jikin cikakkensa. Ga ƙasashen da Ingila ta mallaka ana duba katalog ɗin Stanley Gibbons, ga Amurka Scott, ga Jamus Michel, ga Faransa Yvert. A ƙarƙashin lambar kan sarkin za ka ga ƙaramin layi da ke cewa an san shi a rabe, da kuɗin da rabin ya tsaya a kai, wani lokaci har da garin da kwanakin izini. Idan katalog ya ce daga kusurwa zuwa kusurwa ake yankawa, naka kuwa a tsaye aka tsaga shi, ka sa alamar tambaya. Idan babu layin gaba ɗaya, ba a yanke hukunci ba tukuna, amma nauyin kawo hujja ya koma wuyan mai sayarwa.

Akwai wani rukuni da bai kamata ya ruɗe ka ba, wato waɗanda tun daga maɗaba'a aka zana su don a raba. Na Geneva, a ƙasar Switzerland, na 1843 biyu ne a haɗe, kowane santim 5: ɗaya ya isa wasiƙar cikin gari, biyun kuma na faɗin yankin. Mecklenburg-Schwerin a 1856 da Brunswick a 1857, duk a ƙasar Jamus, sun buga masu gida huɗu, mutum ya yanki adadin da yake bukata. Waɗannan suna da darajarsu, amma ba ƙarancin kaya ne ya haife su ba, kuma rabinsu kan sarki ne cikakke a dokar wurin.

Mataki na uku: lissafin kuɗin aikawa

Nan ne yawancin jabu ke faɗuwa, domin mai haɗa jabu yakan ƙware a zane fiye da tarihi. Tambayar ita ce: nawa ake biya a aika wannan wasiƙa, daga wannan gari zuwa wancan, a wannan rana, da wannan nauyi? Sai ka haɗa duk abin da ke manne, rabin da cikakkun, ka ga ko ya yi daidai ba ragi ba ƙari.

Ɗauki Amurka. Kan sarkinta na farko ya fito a Yulin 1847, kala biyu kawai: santi 5 mai hoton Franklin da santi 10 mai hoton Washington. Wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba, santi 5 ce idan tafiyar ba ta kai mil 300 ba, santi 10 idan ta wuce. Don haka rabin na santi 10 a kan wasiƙa daga New York zuwa Philadelphia ya zauna daidai. Shi wannan rabin a kan wasiƙa daga New York zuwa New Orleans bai biya ba, kuma da an aika ta haka da ma'aikaci ya rubuta sauran bashin a fuskar ambulan. Sannan an daina karɓar waɗannan kala biyun daga 1 ga Yulin 1851, saboda haka kwanan watan da ya wuce nan yana neman bayani.

Daga wannan ranar kuɗin ya sauya: santi 3 har mil 3,000, santi 6 in an wuce haka. Lokacin ana tsakiyar haƙar zinariya a Kalifoniya, wasiƙa daga San Francisco zuwa gabas santi 6 ce, babu kuma kan sarkin santi 6. Da na santi 3 suka yi ƙaranci a can, sai aka koma raba baƙin kan sarki na santi 12. Hukumar gidan waya ta hana yin haka a 1853, sannan a Afrilun 1855 kuɗin ya koma santi 10. Ka ga ke nan ƙofar ƙarama ce. Rabin santi 12 shi kaɗai a kan wasiƙar 1856 daga San Francisco zuwa Boston ba ya biyan komai da aka sani.

Misalin da na fi so shi ne na Nova Scotia da New Brunswick, a Kanada ta yau. A 1851 sun fitar da na taro da na sisi da na sule, masu siffar murabba'i da aka tsayar a kan kusurwa. A 1854 kuɗin wasiƙa zuwa Ingila ya koma sisi da ahu a kuɗin wurin. Sisi akwai, ahu babu. To mene ne rabin taro? Ahu. Sai Nova Scotia ta ba da izini a raba na taro, a manna rabin kusa da na sisi. Duk Bahaushen da ya yi sayayya da tsohon kuɗi zai yi wannan lissafin kafin ya ajiye ambulan ɗin. A cikin gida kuma wasiƙa taro ce, shi ya sa ake ganin rabin sisi shi kaɗai a wasiƙun da ba su fita yankin ba, a New Brunswick har da kashi ɗaya cikin huɗu na sule. A 1860 dukansu suka koma lissafin santi.

Idan lissafin ya wuce abin da ake bukata, wato an biya fiye da kima kuma ga rabi a ciki, ka yi tunani. Ɗan kasuwan wancan lokacin ba ya zubar da kwabo a banza. Wanda ke manna rabin da ba a bukata, yawanci so yake a buga masa hatimi kawai.

Mataki na huɗu: bakin yankan

Wannan shi ne wurin da za ka fi daɗewa. Ka ɗora gilashi a kan layin da almakashi ya bi, ka nemi inda hatimin gidan waya ya ratsa shi. Abin da ake so shi ne tawadar hatimin ta taso daga kan rabin, ta tsallaka bakin yankan, ta sauka a takardar ambulan ba tare da ta yanke ba. Wannan ne kaɗai ke nuna cewa a ranar da ma'aikaci ya buga hatimi, kan sarkin a rabe yake.

Me ya sa bai isa hatimin ya kama ta wani gefen ba? Ka yi tunanin ambulan ta gaske mai cikakken kan sarki, hatimi ya kama shi ta gefen dama. Mai jabu ya sa reza ya tsaga shi, ya ɗaga rabin hagu ya jefar. Abin da ya rage tsoho ne, gam ɗinsa na asali ne, hatiminsa na gaske ne kuma ya haɗe shi da ambulan. Amma a bakin yankan layukan hatimin sun tsaya cak, kamar hanyar da ta ƙare a bakin rami, domin ragowarsu ta tafi da rabin da aka jefar. Sau da yawa kuma inuwar wanda aka cire tana nan: wurin ya fi sauran takardar haske, ko akwai tabon gam, ko zaren takardar ya tashi.

Mai jabun da ya san wannan zai ɗauki alƙalami ko ɗan buroshi ya ƙarasa layukan a kan ambulan. Sai ka kwatanta tawada biyun. Hatimin gaske bugu ɗaya ne, da ƙarfe ko katako ko toto, saboda haka kaurin layi da duhunsa da yadda tawadar ta taru a gefe duk iri ɗaya ne a kan rabin da kan ambulan. Wanda aka zana yakan fi santsi, ko ya fi baƙi, ko ya yi ƙyalli in ka haska tocila a kwance daga gefe. Akwai kuma wata ƙaramar alama da ba a cika lura da ita ba. Kan sarki yana da ɗan kauri, don haka idan hatimi ya sauka daga kansa zuwa ambulan yakan bar siririn farin layi dab da bakin, inda bai taɓa takarda ba. Mai zane yakan cike wannan gurbin, wani lokaci har tawadarsa ta malala ta shiga ƙarƙashin bakin yankan. Wannan alamar ba hukunci ba ce ita kaɗai, amma in ta haɗu da wasu, tana da nauyi.

Wata hanyar jabun ita ce a samo tsohuwar ambulan da ba ta taɓa ɗaukar kan sarki ba. Irinsu suna da yawa kuma da arha, domin a wancan zamanin ana biyan kuɗi hannu ko mai karɓa ya biya. Sai a manna mata rabi, a buga hatimin da aka sassaƙa. Ka duba ko launin tawadar da ta kashe kan sarkin, wato ta soke shi don kada a sake amfani da shi, ya yi daidai da na hatimin garin da ke gefe. Ma'aikaci ɗaya a tebur ɗaya yakan yi aiki da tawada ɗaya. Ka duba kuma ko akwai lambar kuɗi da aka rubuta da hannu a fuskar ambulan wadda ke nuna an riga an biya ko ana bin bashi, don wasiƙar da aka biya wa kuɗi hannu ba ta bukatar kan sarki.

Wanda aka kashe da alƙalami kawai, layi biyu ko gicciye, shi ne mafi wuyar sha'ani. Ƙananan gidajen waya da yawa haka suke yi, to amma layin alƙalami kowa na iya ja. Tawadar wancan ƙarni takan koma ruwan ƙasa da tsufa, ta ɗan ci takarda, har ta bayyana ta baya. Idan ka ga alamar biro, magana ta ƙare, don biro bai shigo kasuwa ba sai a shekarun 1940. Ni dai ba na sa kuɗi mai yawa a kan wanda alƙalami ya kashe sai da takardar shaida.

Mataki na biyar: juya ta baya

A bayan ambulan akwai hatiman garuruwan da ta ratsa da na inda ta sauka. Ka jera kwanakin, ka ga ko tafiyar ta yi hankali. Jirgin ruwa daga Halifax ta Nova Scotia zuwa Liverpool ta Ingila kusan mako biyu yake yi. Wasiƙar da ta bar Kalaba ba za ta isa Ingila cikin kwana biyar ba a 1893. Ambulan da aka ce ta ƙetare teku amma bayanta fes, ba hatimi ko ɗaya, tana bukatar ƙarin tambaya.

Ka kuma nemi alamar tara. Idan gidan waya bai yarda da rabin ba, yakan rubuta kuɗin da mai karɓa zai biya, kuma bayan kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a Bern a 1874 aka riƙa buga babban harafin T a wasiƙun ƙasa da ƙasa da ba a biya musu daidai ba. Irin wannan ambulan tsohuwa ce ta gaske, tana da masu sonta, amma labarinta shi ne an gwada an ƙi. Kada a sayar maka da ita a farashin wadda aka karɓa.

Mataki na shida: fitila

Ka kashe wutar ɗaki ka kunna fitilar 'yan canji. Takardar ƙarni na 19 ba ta ƙyalli, takan yi dishi-dishi. Wadda ta haska fari da shuɗi tana ɗauke da sinadarin ƙara fari da aka fara zubawa a takarda wajen shekarun 1950. Sabon gam, da wurin da aka goge rubutu, da inuwar kan sarkin da aka cire, duk sukan fito da wani launi daban. Daga nan ka sa tocila a cikin ambulan, in a buɗe take, ka duba ko akwai wani hatimi ko rubutu ɓoye a ƙarƙashin rabin. Kada ka daɗe da fitilar a kai, wasu launukan ba sa son ta.

Na Kalaba da na Opobo

Duk abin da na faɗa game da ambulan yana da togaciya ɗaya, kuma ta shafi ƙasarmu. Wasu hukumomi ba su tsaya ga yanka kawai ba, sai da suka buga sabon kuɗi a jikin kowane rabi. Barbados a 1878 ta huda na sule biyar ta tsakiya, ta buga kwabo ɗaya a kowane ɓangare. St Vincent da Dominica sun yi makamancin haka a farkon shekarun 1880. Irin waɗannan sun zama kan sarki masu zaman kansu, suna da lambarsu a katalog, ana sayensu ko da ba a kan wasiƙa suke ba.

A gaɓar teku ta Neja Delta, yankin da Turawa suka kira Oil Rivers ya fara amfani da kan sarkin Ingila da aka buga wa sunansa a 1892, kuma a Mayun 1893 aka sauya masa suna zuwa Niger Coast. A Satumban 1893 na ɗari ya yanke a Old Calabar, wato Kalaba, sai aka ɗauko na kwabo aka buga masa layi daga kusurwa zuwa kusurwa da alamar ɗari a kowane gefe. Yawancinsu da jar tawada ne, na launin shunayya sun fi wuya. Akan sami waɗanda ba a raba ba, rabin biyu a haɗe. A 1894 Opobo ta yi nata: ɗari a kan rabin kwabo, kwabo a kan rabin kwabo biyu. Arewa ba ta shiga wannan ba, don kan sarkin Arewacin Najeriya bai fito ba sai 1900, kafin nan kuwa na Ingila ake mannawa a Lakwaja a ƙarƙashin kamfanin Royal Niger.

A nan haɗarin ya koma kan bugun kuɗin. Da hannu aka buga shi, alamar kuma ba ta da wani ado, don haka kwaikwayonta ba ya wuya, asalin kan sarkin kuma yana da arha. Sai ka auna tsawon lambar da rula, ka kwatanta siffarta da hoton wanda aka tabbatar. Idan an yi amfani da shi, ka duba da gilashi wane ne a sama: hatimin gidan waya ya kamata ya hau kan bugun kuɗin. In ka ga bugun kuɗin ne ya hau hatimi, to bayan wasiƙar ta gama tafiyarta aka ƙara shi.

Wani abin kuma, tun a wancan lokacin masu tara kan sarki a Turai suna zargin cewa yawan na wucin gadi da ke fitowa daga gaɓar Neja ya fi ƙarfin bukata, kuma Turawan da ke wurin sun san akwai kasuwarsu a Landan. A ganina zargin yana da tushe. Wannan ya kawo mu ga tambayar wane ne ya aika, kuma ga wa. Wasiƙar kamfanin manja zuwa ofishinsa na Liverpool, mai kuɗi daidai, an tsage ta da gaggawa, an rubuta ranar amsa a gefe, ita ce ta fi daraja. Wadda aka jera wa rabi huɗu a layi kamar sojoji, ambulan ɗin tsaf ba a ma buɗe ta ba, sunan mai karɓa kuma ya sake fitowa a wasu goma irinta, hatiminta na iya zama na gaske amma don ajiya aka yi ta. Ba jabu ba ce, sai dai farashinta ƙasa yake, kuma mai sayarwa na gari zai faɗa maka.

Takardar shaida

Idan abin ya tsallake duk waɗannan, lokacin kai shi ga masana ya yi. Don na ƙasashen da Ingila ta mallaka akwai kwamitin masana na Royal Philatelic Society a Landan, ƙungiyar da aka kafa a 1869, da kuma wani kamfanin tantance kan sarki mai suna BPA. Don na Amurka akwai Philatelic Foundation a New York, don na Jamus ƙungiyar masu gwajin kan sarki da ake kira BPP. Ba sa yanke hukunci da hoto, sai an aika musu ainihin abin, ana biyan kuɗi, ana kuma jira. Ka sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri, ka aika ta hanyar da ke da rajista da inshora, ka riƙe hotunanka.

Idan saye za ka yi, ka nemi shaidar kafin ka biya, ko ku rubuta yarjejeniya cewa in masana suka ƙi shi za a mayar maka da kuɗinka. Ka karanta kalmomin takardar da kyau. Cewa kan sarkin na gaske ne daban, cewa an yi amfani da shi a rabe a kan wannan ambulan daban, kuma ta biyun kake saye. Ka haɗa hoton da ke jikin takardar da abin da ke hannunka, tabo da tabo. Tsohuwar shaida ta shekara 50 ba laifi, amma kayan gwaji sun ci gaba, kuma an sha sauya hukunci.

Ajiya a ƙasarmu

Damina ta fi kowane ɓarawo. Laima tana kawo jajayen ɗige-ɗige a takarda, tana narkar da gam, hunturu kuma ya busar da ita ta yi ƙaras. Ka sa ambulan a leda mai tauri ta ajiyar takardun tarihi, irin ta foliyesta, ka guji mai laushin nan mai wari, don tana fitar da mai da ke ɓata tawada. Ban da salatif, ban da roba, ban da kilif, ban da laminatin ko da mai shago ya rantse zai kare ta. Ka tsayar da su a tsaye cikin akwati, nesa da bango da ƙasa saboda gara da kyankyasai, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa sauya su. Wasiƙar da ke ciki, in tana nan, ka bar ta tare da ambulan ɗinta, don sau da yawa hatiman farko ba sa ɗauke da shekara, sai a saman wasiƙar ake samun ta. Duk abin da ka gano, garin da kwanan wata da lissafin kuɗin da lambar katalog, ka rubuta shi a wata takarda daban da fensir, ka sa a bayan ledar.